Tsohon Tarin Dela

Ruwan burtsatsen unguwar su Dela a Bagudo ruwa ne marar mutunci. A ido garau yake, a baki ma ba laifi, amma duk inda ya ɗiga ya bushe sai ya bar farin tabo kamar gishiri. Kafin rasuwarsa, mijinta Malam Badamasi ya yi wata shekara da albasa ta yi masa kyau, ya ce shi ma matarsa sai ta yi wanka irin na birni. Ya kira magina suka manna farin tayil a banɗakin sashenta, aka jawo famfo daga tanki, maƙwabta suka yi ta zuwa kallo. Yanzu tayil ɗin ya rine ya koma ruwan ƙasa, bakin famfon ya yi kanta har ya tsuke, dauɗar sabulun salo kuma ta haɗu da farin tabon ta kama bango tun daga ƙasa har ƙugu. Dela ba ta taɓa damuwa ba, don ita kaɗai ke shiga ta watsa ruwa ta fito.

Abin da ya tayar mata da hankali yanzu 'yarta ce, Mashkura, wadda ke aure a Kamba, cikinta na fari ya tsufa. Haihuwar fari a gidan iyaye ake wankanta, wannan kowa ya sani. Amma mijin, Abdulrashid, ya fara 'yan ƙunƙuni. Wai lokacin biki danginsa sun shiga banɗakin nan, ɗaya har ta zame, suka koma suna yamutsa fuska. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa yayarsa, Hajiya Bashira, za ta biyo ta Bagudo idan ta taso daga wani suna a Zagga. In ta ga wuri ya yi, za a kawo Mashkura wankan gida. In bai yi ba, ta haihu ta yi wankanta a Kamba.

To Mashkura 'yar fari ce, kuma Dela mace ce ta da, mai riƙon kunya har ta yi yawa. Tunda ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai ta ce “waccan” ko “mutuniyar Kamba”. Ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta, ba ta dawo ba sai da ta yi wayo, ta dawo tana kiran uwarta Adda kamar wata yayarta. Dela ba ta goye ta a gaban mutane ba, ba ta yi mata kitso ba, ranar da aka kai ta ɗaki ma ko ƙwalla ba ta bari an gani ba. Mata suka yaba, suka ce ga mai kara. Ba wanda ya tambaye ta yadda take kwana da abin. Yanzu kakar ta rasu, babu wata goggo a kusa, wankan ya faɗo kanta dole. Wannan ne karo ɗaya da za ta sa hannu a jikin 'yarta ba tare da an yi mata dariya ba, kuma ita kaɗai ta san tun yaushe take jiransa.

Ta fara tanadi a ɓoye. Ta sayi itace daga masu kawowa daga Geza ta jibge bayan ɗaki, ta wanke babbar tukunyar dalma ta kife, ta ajiye kanwa da gero na kunu. Amma gida ne na gandu, kuma a cikinsa akwai Zuhura, faccalarta, matar ƙanen marigayi, wadda idonta ba ya kuskure komai, bakinta kuma ba ya riƙe komai.

“Wai ni Dela, wanga itace duk na mi ne?” in ji Zuhura, tana tsince shinkafa a tsakar gida. “Ko ɗiyar hwari anka yi ma tanadi?”

“Wace ɗiya? Arha nig gani, nis saya.”

“Awo, arha,” in ji Zuhura, ta kwashe da dariya.

Dela ta ji kamar ta nutse. Daga ranar ta daina taɓa komai in Zuhura na waje.

Banɗakin kuwa ya ƙi ta. Ta gwada toka, ta gwada rairayi da soson buhu, ta zuba omo har hannunta ya yi fari. Dauɗar sabulun ta ɗan saki, amma farin tabon ko gezau. Wata tsohuwa a makarantar Islamiyya ta ce mata abu mai tsami ke cinsa, ta jiƙa tsamiya ta matse lemun tsami a ciki, ta shafa, ta bari ya jiƙu, ta goge, gobe ta sake. Dela ta gwada a lungu ɗaya, ta ga ya ɗan yi haske, amma kaɗan. Ta jiƙa tsumma a ruwan tsamiyar ta naɗe kan famfon da shi, ta ɗaure da leda. Sai ga waya daga Kamba cewa Hajiya Bashira na tafe cikin makon. Dela ta dubi faɗin bangon, ta dubi ɗan lungun da ya yi haske, ta ce wannan aikin masu lokaci ne.

Ranar kasuwa ta hau mota zuwa Lolo, ta ce wa mutanen gida gishiri da manja za ta sayo. Can ta sami wata Badendiya da ke shigo da kayan wanke-wanke daga tsallaken Benin. Matar ta ciro wata gora daga ƙarƙashin tebur, rubutun jikinta duk Faransanci, ruwan ciki rawaya-rawaya.

“Wanga asid na, Hajiya, wuta na,” in ji ta. “Ki sa leda ga hannunki. Ki bar ƙohwa buɗe, iska shi shiga. Kuma kak ki yarda shi gamu da jabel, ko kaɗan.”

Dela ta ce ta ji. Jabel shi ne ruwan bilic ɗin da suke sa wa fararen kaya, kuma tana da shi a gida. Ta rufe gorar da ledar gishiri ta sa a ƙasan kwando.

Washegari da hantsi ta ga tsakar gida ba kowa. Ta yi maza ta kwarara jabel a daɓen banɗakin don ya kashe zarni, da niyyar ta ɗauraye kafin ta taɓa gorar. Tana cikin haka sai ga Zuhura ta fito da tabarma da faranti, ta shimfiɗa daidai inda take hango ƙofar, ta zauna gyaran zogale. In Dela ta fita ɗebo bokitin ɗauraya, an gan ta. In ta buɗe famfo, ƙarar ruwa da shara za su tona ta, ga shi ma ta naɗe bakinsa. In ta bar ƙofa buɗe, kafin azahar unguwa ta ji cewa Dela na durƙushe tana kankare bayi saboda 'yar fari. Sai ta jawo ƙofar ta sa sakata. 'Yar tagar da ke sama kuwa tun bara aka toshe ta da kwali saboda sauro.

Ba ta haɗa komai a bokiti ba, a ganinta ta kiyaye. Ta tsiyaya asid ɗin a bango, ya yi ta tafasa yana kumfa, farin tabon na narkewa a gaban idonta. Daɗi ya kama ta. Ta ƙara tsiyayawa, ruwan ya gangara ya sauka a daɓen da ke jiƙe da jabel.

Warin ne ya fara dukan ta, wani irin wari mai yanka. Idonta ya cika da ruwa, maƙogwaronta ya kama wuta. Mai hankali da sai ya buɗe ƙofa ya fita da gudu, kuma Dela na da hankali, amma tana jin muryar Zuhura a waje tana 'yar waƙarta. Ta ja bakin zanenta ta toshe hanci, ta danne tarin a ƙirji, ta ci gaba da gurzawa. Sai da numfashi ya fara gagarar ta, bango ya fara juyawa, sannan ta zare sakatar. Allah ya taimake ta Zuhura ta shiga ɗaki ɗauko wuƙa. Dela ta rarrafa zuwa nata ɗakin ta faɗi a kan tabarma, ta cusa fuska a filo tana tari don kada a ji.

Ba ta je asibiti ba, don can ma sai an tambaye ta abin da ya faru. Ta sha zuma, ta sha citta, tarin ya zauna daram, mai ƙara daga can ƙasan ƙirji. Da wurin ya sha iska ta lallaɓa ta kwarara masa ruwan tulu. Banɗakin dai ya fito fes, ya koma yadda yake ranar da Malam Badamasi ya kira mutane kallo.

Hajiya Bashira ta iso da rana tsaka, ƙatuwar mace mai tabarau da turare. Aka gaisa, aka kawo fura, Zuhura ta zo ta zauna a bakin ƙofa ba wanda ya kira ta. Can baƙuwar ta nemi buta ta zaga. Ta daɗe kaɗan, ta fito fuskarta a sake.

“Kai, Inna, ashe ƙarya anka yi muku! Wanga wuri ko asibitin kuɗi sai haka.”

Zuciyar Dela ta yi fari. Ta buɗe baki za ta ce a'a, ba komai, sai tarin ya riga ta. Ya turnuƙe ta, ya ninke ta biyu, ya ƙi tsayawa, har sai da ta tofa a tsumma. Da ta ɗago, Hajiya Bashira ta janye ƙafafunta ta ajiye ludayin furar.

“Subhanallahi. Inna, tun yaushe kike wanga tari?”

Amsar gaskiya gajeriya ce, kuma da ta faɗe ta da shi ke nan. Amma Zuhura na zaune ta zuba mata ido, suruka kuma na gabanta. Ta yaya za ta ce ta kulle kanta a bayi, ta kusa halaka, don a kawo mata 'yar fari? Sai ta nemi maganar da za ta rage wa abin nauyi, irin wadda ake yi don kada baƙo ya damu.

“Ba komi na ba, Hajiya. Tsohon tari na, na saba da shi.”

“Tsoho?” in ji Hajiya Bashira a hankali.

Ba ta ƙara shan furar ba. Ta yi sallama da wuri, ta ce direba na sauri, ta tsaya daga nesa tana yi wa Dela fatan sauƙi.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara. Mashkura ce.

“Adda, sun ce ba a kai jinjiri inda tsohon tari, wai tarin huka na. Sun ce nan za ni wanka.” Ta ƙara da cewa, “Adda, ki ce wani abu mana. Ki ce musu ba haka na ba.”

Zuhura na bakin murhu, kunnenta a miƙe. Dela ta riƙe wayar da hannu biyu.

“Yadda sunka gani,” in ji ta.

“Dama na sani,” in ji Mashkura. “Ba ki taɓa son in zo ba.” Ta kashe wayar.

Dela ta ajiye wayar. Baƙin ciki ya cika ta har ba ta san inda za ta ajiye shi ba, kuma ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi. Zuhura ta leƙo ta tambaya ko za ta iya ɗibar itacen nan tunda ba a bukatarsa, Dela ta ce ta ɗiba.

Da lokacin alwala ya yi ta shiga banɗakin, ta bar ƙofar a buɗe, yanzu kowa ma ya gani. Sai a sannan ta lura da ledar da ta ɗaure a kan famfo, ta manta da ita tun ranar. Ta kwance, ta warware tsumman tsamiyar. Kantar ta yi laushi, ta biyo tsumman ta zubo da kanta, ƙarfen ya fito yana ƙyalli, ko gurzawa ba ta yi ba. Ta murɗa famfon, ruwa ya zubo da ƙarfi a kan farin tayil, ita kuma ta dafa bango tana tari.