Na Uku Daga Hagu

Ramin kwal na ƙauyenmu, Harnshaw, ya rufe shekara arba'in ke nan, amma har yau in tsofaffi biyu suka zauna, hirarsa suke yi. Da muka ce za a baje tsofaffin hotuna a zauren taron mahaƙa, mutane suka yi ta kwasowa, wasu a gwangwanin biskit, wasu a kwalin takalmi. Ni aka ɗora wa rubuta sunaye a ƙarƙashin kowane hoto.

Guda ɗaya ya gagare ni. An ɗauke shi a 1951: mutum shida a bakin rami, tare da ɗan dokin da ke jan kwal. Biyar an san su. Na uku daga hagu kuwa gajere ne, hula ta rufe masa goshi, ƙurar kwal ta shafe fuskar, haƙora kawai ake gani.

Wilf Teasdale, tsohon mai gyaran fitilun rami, ya nuna shi da sanda. "Babana ne. Rubuta."

Doreen Heslop mai shagon soyayyen kifi ta ce, "Babanka da sai ya sunkuya yake shiga ƙofa? Kawuna Norman ne. Dubi kunnuwan."

"Kunnuwan suna cikin hula, Doreen."

"To ai ni na san su."

Sati biyu suna wannan musu, har Wilf ya daina sayen kifinta. Na bar wurin sunan fayau.

Ranar baje kolin, aka turo Goggo Edna Raine a keken guragu, shekararta casa'in da biyu. Ta sa aka tsaya gaban hoton, ta gyara tabarau, sai ta fashe da dariya har da tari.

Na ce, "Goggo, kin san shi?"

"Na san shi mana. Ni ce."

Wilf ya ce, "Haba Goggo! Mace a rami?"

"Wa ya ce na shiga? A baki na tsaya. Yayana Cecil ne ya kamata ya tsaya nan, amma tattabararsa ta ci gasar tseren tattabaru, ya sha giyar murna har ta kwantar da shi. Ni kuma ba a taɓa ɗaukata hoto ba. Na zura kayansa, na shafa ƙura, na shige cikinsu."

Ta nuna dogon da ya dafa mata kafaɗa. "Wannan sakaran bai gane ba. Da aka gama, ya miƙo mini taba gari, na shaƙa, na yi atishawar da ta tunkuɗe hular. Gashina ya zubo. Ya tsaya baki buɗe, sai da dokin ya taka masa ƙafa."

Doreen ta matso ta duba. "Ai wannan marigayi Arthur ne, mijinki!"

"Shi ne. Wata bakwai yana zuwa gidanmu wai neman Cecil, kafin ya iya buɗe baki ya ce ni yake so."

Na ɗauko alƙalami na rubuta sunanta na aure, Edna Raine. Ta leƙa, ta ce in goge in sa na gidansu, Edna Coulthard, don a ranar ba ta zama matar kowa ba tukuna. Sannan ta ce a kawo mata shayi mai kauri, da sukari cokali biyu, kada 'yarta mai hana ta shan zaƙi ta gani.