Guntayen Sandar Malam Ya'u

Umara mai kanwa bai taɓa zagin kowa a kasuwar Azare ba. Ina ruwansa da zagi? Shi dariya yake yi, dariyar da ta fi zagi ciwo. Babarbare ne, masu sayen kanwarsa kuwa yawanci Fulani makiyaya, ka kuma san abin da ke tsakanin Barebari da Fulani: wasa ne tun kaka da kakanni, duk abin da ɗaya ya yi wa ɗaya, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. To, da wannan wasa Umara ya fake ya ci mutuncin Malam Ya'u.

Malam Ya'u dattijo ne daga wata ruga kusa da Bulkachuwa. Wata ranar kasuwa, shekarar da aka kwashi samari zuwa yaƙin Turawa a ƙasar Bama, suka zauna dara da Umara a gindin tsamiyar bayan rumfarsa. Umara ya cinye shi. Da ya tsaya nan da ba komai, amma ina! Sai ya miƙa hannu ya ɗauke sandar kiwon tsohon, wadda ya gada wurin ubansa, ta sha man shanu har ta yi baƙi tana sheƙi. Wai wanda ya kasa kiwon tsakuwa goma sha biyu me zai yi da sanda? Ya kira masassaƙi, a bainar jama'a aka daddatsa ta gida goma sha biyu. Tun daga ranar su ne 'ya'yan dararsa.

Malam Ya'u ya yi yaƙe, don dole. Ya koma ruga, bai sake taka kasuwa ba, bai sake bin shanu ba. Ko an miƙa masa wata sanda sai ya jingine ta.

Ɗansa Jalo, magidanci, yana tsaye aka yi abin, kuma shi ma sai da ya buɗe haƙora tare da mutane. Wannan yaƙen ne ya tsaya masa a rai. Wallahi ya tsani Umara, tsana irin wadda ke hana mutum jin daɗin fura. Duka ba dama, ƙara gun alƙali abin dariya ne. A ramin dara aka yi, a nan za a rama.

Ya shiga koyon dara haiƙan. Duk inda kiwo ya kai shi, daga Hardawa har bakin kogin Katagum, in ya ga an tona ramuka sai ya tsuguna. Ya ƙware daidai gwargwado, amma bai yaudari kansa ba, ya san bai kamo ƙafar Umara ba. Don haka ranar kasuwa ba hannun Umara yake kallo ba, halinsa yake karanta. Ya lura da guntun kan sandar, mai zoben tagulla, wanda Umara ya raɗa wa suna Tsoho. Muddin akwai Bafillace a wurin, da Tsoho yake son ya yi cin da za a yi shewa, ko da akwai hanyar da ta fi.

Bayan damina Jalo ya zo ya ajiye tasa sandar a gaban Umara.

"Baba Umara, a tona mana."

"A'a, ɗan Ya'u! Ka kawo mini ƙarin 'ya'ya ke nan?"

"In ka cinye ni, a datsa ta. Amma duk guntun da na ci, nawa ne, da shi zan tafi."

Umara ya ƙyalƙyale har hularsa ta karkace, ya ce ya yarda, jama'a shaida. Nan da nan gindin tsamiya ya cika.

Aka dasa 'ya'ya, Jalo da tsakuwa, Umara da guntayen sanda. Wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa ɗaya, haka dara take. Da fari Jalo ya ci biyu, ya jefa a aljihu. Daga nan kuwa ruwa ya ƙare masa. Umara ya haɗa doki, wato ɗa guda mai kai da komo tsakanin rami biyu, ya je ya cika uku, ya dawo ya cika uku. Fat, fat, tsakuwoyin Jalo suka yi ta tashi har saura shida. Fulanin da ke tsaye suka fara zamewa. Wani ma har ya tafi kiran masassaƙi, ɗan neman suna.

Jalo na da nasa dokin a kusurwa, rami ɗaya kawai ya rage masa, kuma Tsoho ne zaune a ramin daram. In Umara ya ci gaba da sukuwa a dokinsa, magana ta ƙare.

Sai Jalo ya janye wata tsakuwa daga gefen Tsoho, kamar wanda ya rikice. Janyewar ta buɗe wa Tsoho hanya: taki ɗaya, ya cika uku. Jalo ya dafe kai, ya yi salati, ya kai hannu kamar zai mai da ita.

"Kul! An ɗaga an ɗaga," in ji Umara.

Jalo ya sassauta murya, idonsa ya kawo ruwa, kuma ruwan ba duka ne na ƙarya ba. "Baba Umara, don Allah ka cinye ni da dokinka. Kada ka ci ni da kan sandar babana."

Kai, da ma bakinsa ya yi shiru, in ji masu kallo. Umara kuwa daɗi ya kashe shi. Ya ɗaga Tsoho sama kowa ya gani, ya ce, "Ya'u, tashi ka kori ɗanka gida!" Ya dangwara shi, ya cika uku, ya fizge wata tsakuwa da Jalo ke ta karewa da hannu da gangan, wadda ba ta tsinana komai. Aka kwashe da shewa.

Jalo ya bari shewar ta lafa. Sannan ya tura tsakuwarsa cikin ramin da Tsoho ya bari. Uku. Ya sa yatsa biyu ya ɗauke mahayin dokin Umara, ɗan nan mai kai da komo.

Umara ya duƙa yana leƙen ramukan kamar wanda allurarsa ta faɗi. Ya turo ɗa don ya toshe, Jalo ya komo ya cika uku ya cinye shi. Ya yi yunƙurin gyara dokinsa, Jalo ya je ya cinye. Bai yi sauri ba, haba, saurin me? Kowane guntu sai ya hure masa ƙasa, ya goge a riga, sannan aljihu. Tsoho ya bari har ƙarshe, don Umara ya daɗe yana kallonsa. Da ya ɗauke shi, saura biyu a ƙasa, biyu kuwa ba sa jera uku.

Umara ya share gumi, ya ture guntayen biyu gabansa. "Kwashe, ɗan Fillo. Ai wasa ne."

"Wasa ne mana, Baba Umara. Riƙe su. Gobe in an zo dara sai ka dasa su."

Wannan karon dariyar da aka yi ba ta Umara ba ce. Masassaƙin da aka kira yana tsaye da gizago, yana tambaya wace sandar za a datsa.

Washegari kafin la'asar ta yi sanyi Jalo ya isa ruga. Ya zazzage aljihunsa a kan buzun ubansa. Malam Ya'u ya daɗe yana jera guntayen kai da kai, yana neman inda kowanne ya dace, ba su haɗu ba, ba kuma za su haɗu ba. Ya ɗauki mai zoben tagulla ya damƙe a tafinsa.

"A gaban mutane?"

"Kasuwa guda, Baffa."

"Shi fa, ya yi dariya?"

"Ya yi, Baffa. Irin wadda ka yi."

Tsohon ya gyaɗa kai. Can ya ce, "Miƙo mini sandarka. Gobe ni zan kai shanu ruwa."