Ƙarfen da Rabo Ke Ɗaure Jirginsa

Har ladanin unguwarmu ya kira sallar asuba ban runtsa ba, kuma ba zafin Gaya ne ya hana ni barci ba, ko da yake shi ma ya yi nasa. Wani amo nake ta juyawa a raina, amon da na ji da yammacin jiya a bakin kogi lokacin da na ƙwanƙwasa wani curin ƙarfe da dutse. Amon bai yi daɗi ba, kamar an bugi buhun gero. Duk wanda ya tashi a gidan ƙira ya san cewa uwar maƙera, wato ƙarfen da ake ɗora jan ƙarfe a kansa a daka, idan tana da lafiya kuka take yi da zarar an taɓa ta. Wadda ta tsage daga ciki kuwa ba ta amsawa.

Mahaifina, Sa'idu, maƙeri ne, haka ma mahaifinsa. A daminar da kogi ya yi ambaliya ya shigo unguwarmu, rumfar ƙirarsa ta rushe, muka kwashe muka koma wata lakwal, wato makaranta, da ke kan tudu. Da ruwa ya janye muka dawo, sai muka tarar uwar maƙerar da ya gada ba ta nan. Masu tsintar tsohon ƙarfe sun riga mu zuwa. Tun daga ranar bai sake hura wuta ba. Manoman Zabori da Karakara da suka saba kawo masa aikin hauya da lauje sun yi ta zuwa yana tura su wurin wasu, har suka daina. Wani ɗan'uwansa ya taɓa kawo masa guntun ƙarfen mota don ya riƙa aiki a kai. Baba ya yi godiya, ya tokare ƙofar zaure da shi.

Ni kuwa na dawo daga Yamai da digirin lisans a fannin tarihi, ina jiran sakamakon konkur, wato jarrabawar shiga aikin gwamnati, saboda haka ina da lokacin kallonsa fiye da kowa a gidan. Ba ciwo yake yi ba. Raguwa yake yi a hankali, yana zaune a gindin dogon yaro, tafukan hannunsa a buɗe a kan gwiwa. Ƙanwata Hamdiyya ce ta fara lura cewa kantar hannunsa ta baje. Abin da nake so guda ne: in sake ganin wuta a rumfar nan, da shi a gabanta.

Jiya da yamma ina tafe a gefen kogi, kusa da gadar da ke ƙetarawa Malanville, sai na ga Rabo Basarke, wato masunci, yana jan igiyar jirginsa. Abin da ya fito daga ruwa a ƙarshen igiyar ya tsayar da ni: curin ƙarfe mai ƙaho a gefe guda, laka da gansakuka sun lulluɓe shi. Uwar maƙera ce, irin ta Turawa, babba. Da Rabo ya tafi da kifinsa na sunkuya na buge ta da dutse. Abin da na ji shi ne ya hana ni barci. Idan na kai wa Baba ita, ya sa rai, sannan ta zama matacciya, na ƙara masa rashi na biyu da hannuna.

Duk da haka, da gari ya waye ƙafafuna can suka kai ni. Rabo ɗan ƙabilar Dendi ne, sa'an mahaifina, kuma Hausarsa ta kasuwa ce, gajera mai kaifi. Yana gyaran komarsa ta kamun kifi ya ɗago ya dube ni.

"Ɗan lakwal, an ce jiya ka zo ka bugi ƙarfena da dutse. Me ya yi maka?"

"Fofo, Kawu Rabo. Ba abin da ya yi mini. So nake ka sayar mini da shi."

"Jirgin kuma in ɗaure shi da me? Da takardarka?"

Na yi dariya. Ya ce a wurin ƙanen mahaifinsa ya gaje shi, shi ma a cikin laka ya tsince shi kusa da tsohuwar mashaya. Ya ce ya tsani ƙarfen nan: ya cinye masa baya, ya lotsa masa ƙasan jirgi, ya taɓa karya masa ɗan yatsan ƙafa. Amma yana riƙe jirgi ko ruwa na gudu, don haka ba na sayarwa ba ne.

"Abin da nake so," in ji shi, "ƙugiya ce mai ƙafa huɗu, irin ta manyan jiragen Malanville. Marar nauyi, mai cizon ƙasa. Na sa masu haɗa ƙarfe da wutar lantarki sun yi mini, ta balle a mahaɗa. Ta ƙira nake so, ta hannu. Ubanka ne zai iya, shi kuwa ya zama mai gadin itace."

Wani tunani ya fara haɗuwa a kaina. Baba ba ya karɓar kyautar da ya ji ƙanshin tausayi a cikinta. Da na saya na kai masa, da ita ma ta koma tokare wata ƙofa. Amma gidanmu yana da ƙa'ida tun kakanni: wanda ya shigo rumfar ƙira da ƙarfensa yana neman aiki, ba a mayar da shi da ƙarfen a hannu. Na gaya wa Rabo haka. Na ce ya kai ta da kansa, a matsayin ladan ƙugiyar da yake so. Na kuma gaya masa gaskiya cewa mai yiwuwa matacciya ce.

"In matacciya ce ka dawo mini da abina," ya ce. "Jirgina bai taɓa neman ta yi masa waƙa ba."

Ya kafa turke ya ɗaure jirgin a kai. Mu uku, ni da shi da mai amalanken jaki, muka ɗora ta da ƙyar.

Baba na kan tabarmarsa muka shiga. Rabo bai jira an yi masa maraba ba.

"Sa'idu, tashi. Aiki na kawo."

"Basarke, warinka ya riga sallamarka shigowa. Wane aiki?"

"Ƙugiya mai ƙafa huɗu. Ga ladanka nan a ƙasa, na biya tun kafin ka fara, abin da ba wanda ya taɓa yi maka."

Baba ya dubi curin lakar. Na ga idonsa ya tsaya a kan ƙahon, ya daɗe a wurin. Sannan ya dube ni, na sunkuyar da kai.

"Shekara nawa kana jefa wannan a ruwa?" ya tambayi Rabo.

"Tun kafin wannan malamin naka ya iya ɗaura wando."

"Allah ya yafe maka," in ji Baba. Bai tashi ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Zahradeen, wanke ta."

Aikin da na ɗauka na yini guda ne ya ci mini kwanaki. Laka ta fita da ruwa, amma a ƙarƙashinta akwai tsatsa mai kauri da ke ɓarewa kamar ɓawon itace. Na kankare ta da tsohuwar wuƙa, na goge da yashi da guntun bulo, na shafa baƙin mai da na roƙo a garaj, na bari ya kwana, na sake gogewa. Yatsuna suka fashe. Hamdiyya takan leƙo ta ce, "Yaya, wannan ne konkur ɗin?" ta ajiye mini kunu ta gudu kafin in sami abin jifa. Abin mamaki, ban taɓa samun nutsuwa irin ta kwanakin nan ba tun dawowata. Tunanina da ya saba kewaya kansa ya sami abin da zai bi: wannan kusurwa, sannan waccan.

Da farko Baba daga nesa yake magana. "Ba haka ba. Bi tsawonta." Kashegari na ga tabarmar ta matso. Rana ta uku yana tsugune kusa da ni, yana shafa fuskar ƙarfen da tafin hannunsa. Tsakiyarta ta fito sumul, da ɗan kwari inda wani maƙeri da ba mu sani ba ya yi shekaru yana duka. Gefunan sun yi ƙananan ramuka, kusurwa guda ta baya kuma ta guntule. A jikinta akwai haruffan da ruwa ya cinye, ko ni mai karatun tsofaffin takardu ban iya fitar da komai daga cikinsu ba. Na ɗauko magagari zan daidaita fuskar, ya riƙe mini hannu. Ya ce gefen da ya guntule kawai za a rage wa kaifi, fuskar a bar ta yadda take.

A nan ne na kasa riƙe abin da ke raina. Na gaya masa na buge ta a bakin kogi ba ta amsa ba.

Ya shafa fuskar ƙarfen. "Mai yiwuwa laka ce ta danne ta. Mai yiwuwa tsaga ce. Ni ma ban sani ba." Ya goge hannunsa a riga. "Ba a tambayarta sai ta zauna."

Saboda haka muka nemi mazauni. Ya tura ni wurin masu itace in samo kututturen kirya, ya mayar da ni da na farko don yana da ɓarago. Na haƙa rami a tsakiyar tsohuwar rumfar, muka binne rabin kututturen, muka dandaƙe ƙasa a kewayensa. Shi da kansa ya sassaƙe samansa da gizago har ƙarfen ya zauna ba motsi, ya kafa manyan ƙusoshi ya lanƙwasa su a kan ƙafafunta. Na lura wannan ne karo na farko da ya riƙe kayan aiki tun bayan ambaliya.

Rabo ya zo da hantsi ranar da za a gwada, wai ya zo ganin ko za a dawo masa da kayansa. Baba ya shiga ɗaki ya fito da ƙaramar masaɓarsa ta dukan ƙarfe. Ya tsaya a gaban uwar maƙerar, ya yi bismilla, ya saki masaɓar a tsakiyar fuskar ba tare da ƙarfi ba.

Masaɓar ta yi tsalle ta dawo hannunsa. Ƙarar da ta tashi siririya ce, doguwa, ta ratsa gidan ta fita zaure. Innata ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta tsaya. Baba bai ɗago ba. Ya bi fuskar yana taɓawa kaɗan-kaɗan, daga ƙaho zuwa baya, kansa a karkace yana saurare. Ko'ina ta amsa, sai a kusurwar da ta guntule, inda amon ya ɗan dushe.

"Wannan kusurwar ba a dukanta," ya ce. "Sauran lafiya lau. Za ta binne ni, ta binne wanda zai gaje ni." Ya dubi Rabo. "Kai kuma da wannan kake ɗaure jirgi."

"Ta yi aikinta. To, ƙugiyata fa? Ruwa ya kusa tasowa, turke ba zai riƙe mini jirgi ba."

Ya sauke wani sandan ƙarfe mai kauri da ya zo da shi a kafaɗa. Baba ya ɗaga shi, ya juya shi, ya ajiye. Sannan ya ɗaga hannunsa na dama a hankali har ya kai daidai kafaɗa, a nan ya tsaya, fuskarsa ta ɗan yamutse.

"Lauje da wuƙa zan iya. Wannan kuwa sai da babbar masaɓa, kafaɗar nan kuma ta daina hawa sama. Sai da mai duka, ni in riƙe in nuna. Wanda yake yi mini a da yana Kamba yana kabu-kabu." Ya mayar da masaɓar aljihu. "Ka ba ni lokaci in yi tunani."

Ya koma gindin dogon yaro. Na san irin wannan tunanin nasa, na san kuma inda yake ƙarewa. Uwar maƙera ta samu, ta zauna, ta yi kuka, amma murhun yana nan a sanyaye.

Da yamma na zauna ina duban tafukan hannuna. Ban yaudari kaina da cewa na sami amsar rayuwata a rumfar nan ba. Sakamakon konkur zai fito wata rana, kuma idan an kira ni zan tafi. Sai dai ƙugiya ɗaya ba rayuwa ba ce, aikin 'yan kwanaki ne, kafaɗuna kuma lafiyarsu ƙalau. Idan wuta ta kama sau ɗaya, masu lauje za su ji ƙarar su dawo, aikin lauje kuwa Baba ba ya bukatar mai duka a kansa.

Ban yi shawara da kowa ba. Bayan sallar asuba na wuce kasuwa na ɗauko buhun gawayin kirya. Na share murhun, na gyara bakin zugazugin da yumɓu, na hura wuta, na cusa kan sandan Rabo a cikinta. Ina zugawa na ji takunsa a bayana. Ya tsaya ya dubi wutar, ya dubi babbar masaɓar da na jingine a jikin kututturen. Ya naɗe hannun rigarsa, ya ɗauki awartaki, ya juya ƙarfen a cikin garwashi har ya yi ja yadda yake so.

"Inda na taɓa da ƙarama, nan za ka sauke babba," ya ce. "Kada ka kalle ni. Ƙarfen za ka kalla."

Ya ciro shi ya ɗora a tsakiyar fuskar, ya taɓa wuri guda. Na ɗaga masaɓar na sauke.