Ƙarafan Goshin Jirgin Elwood

A tsibirinmu idan jirgin ruwan kamun ƙaguwa ya rasa mai shi, hanya biyu ce gare shi. Ko wani ya saya ya ci gaba da aiki, ko a ja shi a tura cikin fadamar bayan coci, ciyawa ta tsiro ta cikinsa. Wilda ta san jiragen da ke kwance a can ɗaya bayan ɗaya, ta san matan da aka rubuta sunayensu a jikinsu. Shi ya sa tun da mijinta Elwood ya rasu a farkon sanyi, ba abin da ke hana ta sukuni kamar jirginsa, Wilda Faye, da ke ɗaure a kwata, matsayar jiragen ruwa. Jirgin katako ba ya jure zaman banza. Idan lokacin ƙaguwa ɗaya ya wuce shi a ɗaure, ya kama hanyar fadama ke nan.

Wata biyar ba wanda ya taya. Sai ga saƙo daga wani masunci na ƙetaren ruwa, Purnell, cewa zai zo ranar Asabar ya duba. Da Wilda ta kai labarin gidan ƙanwarta Norene, sai ta tarar su ma shi suke jira. Dewey, mijin Norene, gwiwoyinsa sun gaji, zai sayar da nasa jirgin su koma kusa da jikoki. Mutumin kuwa jirgi ɗaya zai ɗauka.

Norene ta faɗi haka tana yanka wa Dewey kek, ko ɗago kai ba ta yi ba. Wilda ta zauna tana kallon wuƙar. Tun suna 'yan mata haka abin yake. Norene ce mai gashi, Norene ce ta fara samun injin wanki, yanzu kuma Norene ce mai miji zaune a gabanta yana tauna. Jirginsu ma na roba ne, ƙirar masana'anta, da inji mai shekara uku kacal, wanda in ya tashi sai tagogin kwata su yi rawa. Na Elwood kuwa injin tsohuwar babbar mota ne da ya ciro da hannunsa, sai ya yi tari kafin ya kama.

"Kada ki damu, Yaya," in ji Dewey da kek a baki. "In tsohon ya sume a hanya, ina da igiyar ja."

Wilda ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta tafi gida.

Ta san injin Elwood ba zai kamo na Dewey ba, amma ta ƙudura ba za a yi mata kunya da yawa ba. Ranar Juma'a da safe ta tura baro zuwa kwata don ta rage wa jirgin nauyi. Ta fitar da tsofaffin igiyoyi, da bokitai, da anga ta biyu. Da ta ɗaga katakon ƙasa ta wajen goshin jirgin, wato gabansa, sai ta ga guntayen ƙarfen titin jirgin ƙasa guda shida a jere, sun yi tsatsa. Elwood ke nan, mutumin da ko ƙusa bai iya yarwa ba. Shekara da shekaru tana masa faɗan tara shirgi. Ta mirgino su ɗaya ɗaya, tafin hannunta ya ɗaye, ta yi sawu shida ta zube su bayan gida. Da ta dawo ta ga goshin jirgin ya ɗago har koren gansakukan jikinsa ya fito, ranta ya yi fari.

Purnell ya zo da jirgin wasiƙu, dogon mutum mara yawan magana. Ya buga katakon Wilda Faye da guduma yana saurare, ya shinshina man injunan biyu, sannan ya nemi a kawo gahawa. A wurinmu da haka ake gwada jirgi. A cika kofi saura yatsa ɗaya, a ajiye a kan allon gaban sitiyari, a bi ta bakin mashiga inda iska ke karo da ruwa mai janyewa, a zagayo jar alamar da ke yawo a kan ruwa a dawo. Abin da ya rage a kofin shi ne shaidar jirgi.

Da na Dewey aka fara, su huɗu a ciki, Purnell na tuƙi. Kafin Wilda ta gyara tsayuwa sun kai alama. Jirgin yana dukan ruwa, ana jin dukan har a haƙori, amma gudu kam ba magana. Da suka dawo kofin ya zube kusan rabi. Norene ta ce ai iskar yau ce, ta shafa kafaɗar mijinta.

Sai na Elwood. Injin ya yi tarinsa, ya kama. A cikin kwata lafiya lau. Suna shiga bakin mashiga goshin ya tashi sama ya faɗo tim, ya sake tashi ya faɗo, kamar ana maka ƙofa da ƙasa. A karo na uku kofin ya yi tsalle ya juye a wandon Purnell.

"Ayya, Yaya," in ji Norene a hankali. Da zagi ta yi da ya fi sauƙi.

Purnell ya rage wuta, yana goge wando. Cikin ladabi ya ce an gaya masa duk yankin nan ba jirgin da ke kwanciya a ruwa kamar na Kyaftin Elwood, amma dai an san mutane da ƙarin gishiri idan mutum ya rasu. Wilda ta ji maganar har tafin ƙafarta. Ta riga ta hango fadamar bayan coci, da sunanta a cikin ciyawa.

Da Dewey ya kama bakinsa, da nasa jirgin ya sayu a ranar. Amma sai ya dafa bango, ya durƙusa a kan gwiwoyin nan nasa, ya ɗaga katakon goshi. Shatin tsatsa shida ne kawai a wurin.

"Yaya, ina ƙarafan?"

"Suna bayan gida. Na ɗauka shirginsa ne."

"Shirgi." Ya girgiza kai. "Shekara biyu Elwood ya yi yana matsa ƙarafan nan gaba da baya kafin ya sami wurinsu. Ni sau biyu na sato dabarar na sa a nawa, bai yi ba. Shekara talatin ina wuce shi a hanya ina jin haushi, shi yana shan gahawarsa, ni tawa tana a ƙirji."

Da suka koma kwata, Dewey ne ya turo ƙarafan a baro da kansa, yana ɗingishi, ya hana kowa taɓawa. Ya kwantar da kowane ƙarfe a kan shatinsa. Aka sake cika kofi. A wannan karon goshin ya sunkuya ya dinga yanka ruwa yana watsa shi gefe da gefe, gahawar tana ɗan rawa a bakin kofi, ko ɗigo bai sauka ba. Sai dai tafiyar ta kunkuru ce, baƙin hayaƙi na bin su a baya.

A kwata Purnell ya faɗi abin da ya gani. Jikin jirgin yake so, amma injin ba zai kai ƙarshen lokacin ƙaguwa ba. Idan Kyaftin Dewey zai sayar masa da injinsa kaɗai, zai ɗora shi a Wilda Faye. Suna kuma ba zai canza ba, ba a canza wa jirgi suna. Dewey ya amsa tun kafin Norene ta buɗe baki. Ya ce yana so ya ga abin da jirgin nan zai yi da injin kirki ko sau ɗaya kafin ya mutu.

Saura Wilda. Injin Dewey a cikin jirgin Elwood, a inda Elwood ke ɗora ƙafa yana jin ɗumi. Sai ta tambayi Norene me za a yi da nasu jikin jirgin. Norene ta ce wa zai sayi jirgi ba inji, sai dai a ɗora shi a kan bulo a bayan gida. Wani abu mai daɗi ya ratsa Wilda, ba ta kuma taɓa musun hakan ba. Ta ce ta yarda.

Tsohon injin yana rumfarta har yau, an lulluɓe shi da tamfol. Ranar da Purnell ya zo tafiya da jirgin, sun tsaya su uku a kwata. Wilda Faye ta fita da rurin injin Dewey, ta ratsa bakin mashiga da gudun da ba ta taɓa yi ba a hannun Elwood, goshinta a kwance. Dewey ya cire hula yana dariya, idonsa ya kawo ruwa. Norene ta saƙala hannu a nasa don kada gwiwa ta kayar da shi. Har jirgin ya zagaya jar alama ya ɓace, hannun nan Wilda take kallo.