Teburin Yaƙin Saje Baƙo

"Jefa mini, Tela, hannuna ba ya riƙe su," in ji Saje Baƙo.

Na karɓi ƙwayoyin wuri guda huɗu da muke jifa da su daga tafinsa. Yana kishingiɗe a zaurensa, an tokare masa baya da matashi biyu, an janyo teburin yaƙin gabansa, ko da yake idonsa ya daina gani tun farkon damina. Juma'a ce bayan la'asar, a shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama.

Ni ne Haladu tela, shagona na jikin zaurensa a nan Haɗeja. Shekara goma sha ɗaya ke nan duk Juma'a ni nake zama sojan Jafan, ni da ban taɓa wuce Nguru ba.

Teburin tsohon ƙyaure ne aka ɗora bisa tubala, aka zuba masa yashin kogi. Wani ƙyallen shuɗi da ya roƙa a shagona shi ne kogin ƙasar Bama. Sojojin kuwa da yumɓun fadama ya gina su, kowanne kamar babban yatsa, babu mai fuska, don liman ya ce kada a yi musu. Dokokin wasan shi ya ƙaga abinsa, ya rubuta da ajami a littafin 'yan makaranta. Soja ba ya wuce tsawon tsinken tsintsiya a tafiya ɗaya, a ruwa rabin haka. Wanda ya faɗi ba a tashinsa. Ba a sake jifa. Ko anini ba a zubawa, kada wani ya kira abin caca. Duk da haka mutanen unguwa cewa suke yaƙin Bama ya taɓa shi, ni kuma zama da maɗaukin kanwa ne ya kawo mini farin kai.

Yaƙi ɗaya muke yi kullum. Saje da mutanensa shida suna cikin kwale-kwale, a bakin gaɓa kuma an bar soja ɗaya mai jan zare a wuya. Wannan shi ne Ari, amininsa, yayan matarsa Rahmatu. A ainihin yaƙin, harsashi ya karya masa ƙafa, Jafan suna tafe, Saje ya ce a tuƙa. Da ya dawo gida shi ya kai wa iyayen Ari labari da bakinsa, bayan shekara biyu suka ba shi ƙanwar.

A teburin, Saje juya kwale-kwalen yake yi ya koma ɗauko Ari. In ya ɗauko shi, sai na kashe masa mutum uku ko huɗu a ruwa. In ya tsare shidan, Ari ya tafi. Duk ran da ya kusa hayewa da su duka kuwa, sai ya buɗe littafi ya ƙara doka. "Ba haka ruwan yake ba," zai ce, "ya fi haka gudu." Abin yana ba ni haushi. Na ɗauka taurin kan tsohon soja ne, ban tsaya na tambayi kaina me ya sa mai neman nasara yake toshe wa kansa hanya ba.

Ranar nan ni nake motsa masa sojojin, yana faɗa ina yi. Sai ga shi mun kai jifan ƙarshe, abin da sau uku kawai muka taɓa kaiwa. Ari na cikin kwale-kwale, shidan na raye, saura tsinke ɗaya su taɓa gaɓa. Doka ta ce sai wurin huɗu duk sun faɗi baki a sama.

Na jefa. Biyu suka buɗe, biyu suka kife.

Na dubi mutumin nan, ƙasusuwan wuyansa duk a waje, numfashi yana fita da ƙyar. Na san ba zai ga wata Juma'ar ba. Tausayi ya kama ni, na ce a raina bari dai ya tafi da farin ciki ko sau ɗaya.

"Huɗu, Saje! Duk sun buɗe. Ari ya haye, kowa ya haye!"

Na jira ya yi hamdala. Maimakon haka sai ya tambaya:

"Duka bakwai?"

"Duka."

"Ashe da hanya," ya ce a hankali. "Ashe da na koma, da na kawo shi."

Hawaye ya biyo kuncinsa ya shiga gemu. Nan take na gane. Shekara ashirin da takwas da barin Ari, mutumin nan ba nasara yake nema ba. So yake teburin ya riƙa gaya masa duk Juma'a cewa babu yadda zai yi.

"Saje, don Allah ka yafe ni, ƙarya na yi. Biyu ne. Kawo hannunka ka taɓa."

Ya janye hannun ya sa a ƙirji.

"Yanzu ne kake ƙaryar, Tela. Ka juya su don ka ga ina kuka. Kai mutumin kirki ne, na sani."

"Wallahi ban taɓa su ba."

"Ba a sake jifa," ya ce. Ya juya fuska bango.

Washegari na shiga gaishe shi, ya amsa, bai ƙara komai ba. Ran Lahadi da hantsi ina kan keke ina ɗinkin wata taguwa na ji salatin Rahmatu daga cikin gida. Kafin azahar mun kai shi. Ni na kama wajen kansa da za a sa shi a kabari, ban ji nauyin komai a hannuna ba.

Bayan sadakar uku na kasa daurewa. Na yi sallama a zauren, Rahmatu ta amsa daga bayan asabari, tana cikin takaba. Na gaya mata abin da na yi, ban rage komai ba.

Da na gama, sai ta ce:

"Na ji ku ai, Malam Haladu. Ina nan tsakar gida ina tankaɗe." Ta ja numfashi. "Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa tambayarsa yadda aka yi ba, shi ma bai taɓa tambayata ko na yafe ba. Kowa yana tsoron bakin ɗan'uwansa. Da ya tambaya, da ya ji. Allah ya jiƙansu su biyun."

"Amin," na ce. "Teburin fa? In kwashe?"

"Bar shi tukuna."

Na juyo zan fita, sai na dube shi. Wurin suna nan yadda suka faɗi, biyu a buɗe, biyu a kife. Kwale-kwalen da mutum shidan an tura su sun taɓa gaɓa. Ari kuwa an mayar da shi can tsallaken shuɗin, inda aka bar shi tun farko, an ɗauko Saje an tsayar kusa da shi. Akwai sauran garin dawa a kan yumɓun, inda yatsunta suka riƙe.