Dutsen Turare a Filin Motoci

"Kai ne, Seiichi! Kai ka sa aka ɗauke dutsen uwata. Daina kallona kamar akuyar da aka kai kasuwa."

Seiichi Zukeran, mai kula da kayan tarihi na garin, ya miƙe har kujerarsa ta kusa kifewa. Sauran ma'aikata suka dulmiya fuska cikin takardu. Makato Nakandakari, mai shekara tamanin da huɗu, tana tsaye bakin ƙofar ofis, takalman gonar rakenta na zubar da laka a kan tayil.

"Obaa, kakarmu, zauna mana, a kawo miki shayi."

"Ba makogwarona ya kawo ni ba. Na wanke maka gindi kana jariri, yau kai za ka yi min dabara da shayi?"

Da safen nan ta hau gusuku, kufan gidan sarakunan da da ke kan tudu, don ta share wurin addu'a. Gobe ne matan ƙauye za su kai wa kakanni zangarniyar fari ta bana. A kusurwar ganuwa, inda dutsen ƙona turare yake zaune tun tana yarinya, sai ta tarar da tsakuwa an baje sumul, da allo mai rubutun da ba ta iya karantawa.

"Masana suka duba, Obaa," in ji Seiichi a hankali. "Ganuwar nan ta shekara ɗari shida. Dutsen kuwa bai cika tamanin ba, har siminti gare shi a gindi. Ƙa'idar gyara ta ce duk abin da ba na zamanin sarakuna ba ne, a fitar da shi."

"To na zamanin sarakunan yana ina? Je ka tambayi jiragen yaƙi! Wata uku suna zuba wuta a kan tudun nan, har ya rage tsawo. Da muka fito daga kogo, ko ɓarin dutsen farko ba a samu ba. Uwata ta ɗauko wannan a ka tun daga bakin teku, cikinta ba komai sai ganyen dankali. Da ƙusa ta fafe shi. Ni na riƙa zuba mata ruwa. A lokacin masananka suna ina? Dutsen uwata yana ina, na ce?"

Seiichi ya sosa ƙeya. "Yana... ƙasa. Wajen filin motoci."

Ya ɗauke ta a motar ofis har gindin tudun.

Ga dutsen can a jerin duwatsun da ake tare tayar mota da su. An shafe shi da fenti rawaya. Ramin da uwarta ta fafe cike yake da guntayen taba. Makato ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara, ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a aljihun rigar Seiichi.

"Wallahi ban san haka suka yi da shi ba," ya ce. "Bari in kai miki shi gida." Ya sunkuya zai ɗaga.

"Cire hannunka! Hannun namiji bai taɓa hawa dutsen nan ba sai na ɓarayinku. Kuma gidana? Kakanni a kan tudu suke jira, ba a kicin ɗina ba."

"Sama ba zai yiwu ba, Obaa. An riga an sa hannu a takarda."

Wata doguwar mota cike da 'yan yawon buɗe ido ta shigo, tana neman wurin tsayawa. Direban ya danna oda. Makato ta gyara zani, ta zauna dirshan a tsakiyar hanya, gabanta ga dutsen. Ta ciro baƙin turaren tsinke daga jaka, ta kunna, ta kafa a ramin.

"Kaka, a matsa mana!" direban ya leƙo ta taga.

"Ka bi ta kaina, ɗana. Waɗanda suka fi ka ƙarfi sun gwada."

Motoci suka fara jeruwa a baya har bakin titi. Seiichi ya ciro waya.

"Yawwa, kira shi," in ji Makato, ko waiwaye ba ta yi ba. "Wanda ya sa hannun nake so, ba ɗan aikensa ba. Ya zo nan da ƙafarsa, ya tsaya gaban mutanen nan, ya faɗa min da bakinsa cewa shara uwata ta ɗauko daga teku."