Fitowar Isyaku ta Ƙarshe

"Ku ɗaga masa kai kaɗan, haske bai kama idonsa ba."

Kyari ne ya faɗa, shugaban masu shirya wasan, yana leƙe ta bayan kyamara. Mutum biyu suka kama Isyaku ta hammata suka jingina shi da bango. Kansa ya langaɓe gefe, suka sake miƙar da shi kamar buhun da bai cika ba. Sikiru tela na tsaye a bakin ƙofa, haƙoransa a cije. Daga shagonsa aka jawo wayar lantarki, don gidan su Isyaku babu wuta. An ce masa dubiya aka zo, za a ɗan ɗauki hoto. Da ya san abin da za a yi ke nan, da bai ba da wutar ba.

Shekara goma sha biyu suna maƙwabtaka a Fagge, katanga ɗaya ce tsakanin shagon Sikiru da ɗakin Isyaku. Da can Isyaku akawu ne a tashar jirgin ƙasa, ranar Asabar kuma ya tafi wasan daɓe a Sabon Gari. Da aka buɗe gidan talabijin, a shekarun da kuɗin mai suka cika gari, sai ya ajiye aiki ya shiga wani shiri mai suna Zoben Asama'u. Labarin saurayi ne da budurwa, da wani mugu mai suna Baƙar Hula da ke bin su da wuƙa lungu-lungu. Saurayin shi ne Abdulmuminu, wanda yanzu fuskarsa ke kan allon tallan sabulu a shataletalen Bata, yana yawo a sabuwar Fijo. Mugun kuwa Isyaku ne. Abin da ya samu shi ne tsinuwa. A kasuwar Sabon Gari akwai matan da suka daina sayar masa da tumatir, wata tsohuwa har ta taɓa jifansa da ɓawon lemo. Ya dawo yana dariya ya ce wa Sikiru, "Alamar na iya ke nan."

Sai tarin fuka ya kama shi. Wata huɗu yana kwance, babu wanda ya leƙo daga cikin abokan wasansa. Yayarsa Ummakulsum, wadda mijinta ya rasu, ita ke jinyarsa, Sikiru kuma shi ke ɗaga shi ya kai shi banɗaki. Yau da suka tashi zuwa, sun zo da fitilu biyu manya, don shirin ya kai ƙarshe, kuma dole Baƙar Hula ya mutu a idon jama'a bayan ya faɗi inda ya ɓoye Asama'u.

Rana ta take, fitilu kuma sun mai da ɗakin kamar tanderu. Abdulmuminu na zaune a kujera ɗaya tilo, ya toshe hanci da hankici mai turare. Ko gaisuwar kirki bai yi ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Sikiru, "mutumin nan ko koko ba ya iya haɗiya. Me za ku yi da shi?"

"Minti goma ne, Malam tela," in ji Kyari ba tare da ya waiwayo ba. "Dubi fuskar nan. Wallahi ko wata guda muka yi muna shafa masa gawayi ba za mu samu irin wannan ramar ba."

Sikiru ya juya zai je ya zare wayar.

"Sikiru."

Muryar ta fito siririya, amma ta tsayar da shi.

"Bar su," in ji Isyaku. "Shekara biyu ina zare ido ina jan wuƙa. Ba a taɓa ba ni magana mai tsawo ba sai yau. Shafi guda cur. Na haddace."

"Isyaku, ba don kai suka zo ba."

"Na sani. Miƙo min hular."

Tana rataye a ƙusa. Sikiru ne ya ɗinka ta da hannunsa. Ya ɗauko ya ɗora masa, ta zurma har kunne, don kan ya ƙanƙance.

Aka ce a yi shiru. Abdulmuminu ya cusa hankici a aljihu, ya durƙusa gaban katifa, nan take fuskarsa ta cika da tausayi kamar an kunna ta. Isyaku ya fara magana. Sikiru bai taɓa jin muryar nan a bakinsa ba. Ya faɗi yadda ya so Asama'u tun kafin saurayin ya san ta, yadda ko sau ɗaya ba ta dube shi ba, da gidan da ya kulle ta a bayan kasuwa. Bai yi tuntuɓen kalma ko ɗaya ba. Ummakulsum na bayan labule, ana jin shessheƙarta ƙasa-ƙasa.

Saura kaɗan ya gama tari ya sarƙe shi. Jini ya ɓullo ta gefen bakinsa ya gangaro kan gemu. Sikiru ya zabura da tsumma.

"Kar ka goge!" Kyari ya daka tsawa yana tare shi da hannu. "Kar wanda ya taɓa shi! Ci gaba da ɗauka!"

Isyaku ya ja numfashi, ya ƙarasa sauran kalmomin da jinin a bakinsa, sannan ya rufe ido.

"Shi ke nan! Madalla!" Kyari har da tafi.

Abdulmuminu ya miƙe da sauri yana duba hannun rigarsa, ya fita tsakar gida yana neman ruwa da sabulu. Suka naɗe wayoyinsu, wani ya yi ƙafa da kwanon kunun da ke gefen katifa bai ko duba ba. Daga ƙofa Kyari ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya sawwaƙe, Baƙar Hula." Ko sunansa bai kira ba.

Da ɗakin ya koma duhunsa, Sikiru ya goge masa baki ya kwantar da shi.

"Na yi kuskure a wani wuri?" in ji Isyaku.

"Ba ka yi ba."

"To, alhamdu lillahi."

Kwana biyu ya ƙara. Ranar Laraba da hantsi, Sikiru na kan keke yana ɗinki, sai ya ji salatin Ummakulsum ta katanga. Ya bar allura a cikin yadi ya fita. Shi da limamin unguwa suka yi masa wanka. Sahu biyu ne a sallar, na biyun ma bai cika ba. A hanyar maƙabarta ya ji wani mai shago na tambaya ko wa ya rasu, aka ce masa mugun nan na talabijin, ya ce, "Af, ashe."

Abdulmuminu ya zo ranar sadakar uku, da babbar riga fara da mai ɗaukar hoto a bayansa. Layin ya cika maƙil, mutanen da ba su zo jana'iza ba suka yi ta turereniya su ga saurayin Asama'u. Ya zauna kan tabarma ya ɗaga hannu sama, ya riƙe addu'ar har sai da aka ɗauki hoto sau biyu. Da ya miƙo wa Sikiru hannu, Sikiru ya duƙa yana gyara butoci.

Ranar Lahadi bayan magariba aka nuna shirin. Alhaji Azeez mai sayar da atamfa ya fito da talabijin ɗinsa ƙofar gida, kamar yadda ya saba, unguwa ta taru. Sikiru ya rantse ba zai kalla ba, amma ƙafarsa ta kai shi, ya tsaya can baya. Ga bangon ɗakin, ga katifar, ga Isyaku. Da ya fara magana wurin ya yi tsit, har wata mata ta sa bakin mayafi ta share ido. Sai jinin ya fito, baƙi ƙirin a gilashin.

"Kai, mutanen nan sun iya dabara," in ji wani. "Kamar gaske!"

Da Baƙar Hula ya rufe ido wuri ya kaure da tafi da sowa. "Allah ya ƙara!" in ji wani saurayi. "Gobe ma haka!" Rabinsu sun san inda aka binne shi. Sikiru ya tofar da yawu a kwata, ya juya.

Ya tarar da Ummakulsum zaune a bakin zaure da fitilar ƙwai a gefenta, faranti a cinya, tana tsintar waken da za a yi sadakar bakwai da shi. Tafin yana isowa har nan.

"Ka gani?" ta ce.

"Na gani, Yaya."

"Ya yi kyau?"

Sikiru ya tsuguna a gefenta.

"Ya yi," ya ce.

Ta gyaɗa kai. Ta matso da fitilar kusa, ta tsinci wata 'yar tsakuwa daga cikin waken ta ajiye a gefe.